Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Linux da Kwamfutocin Makarantunmu

'Yan'uwa malamai, duk wanda aka taɓa damƙa wa makullin ɗakin kwamfuta a cikinmu ya san abin da ke bayan ƙofar nan. Kwamfutoci goma ko ashirin a jere, an lulluɓe su da leda saboda ƙurar hunturu. Ranar da aka sami man janareta aka kunna su, uku ko huɗu ne ke tashi. Wata sai ta cinye rabin darasi kafin ta buɗe, wata kuma ta kafe da wani rubutu a kusurwar allo mai cewa a je a halatta Windows ɗin da ke kanta. Sauran an ce sun mutu. Hedimasta ya rubuta takarda, takarda ta tafi ofis, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Yara kuwa suna ta zana hoton kwamfuta a littafi, suna haddace sunayen sassanta, har su gama aji shida ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba.

Magana guda muke so mu faɗa, mu kuma tsaya a kanta. Da yawa daga cikin kwamfutocin nan da ransu. Abin da ya lalace a cikinsu shi ne uwar manhajar da ke tafiyar da su, kuma akwai wata uwar manhajar, halattacciya, ta kyauta, mai suna Linux, wadda za ta iya maye gurbin Windows a azuzuwan firamare da na ƙaramar sakandare a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Masu cewa ba zai yiwu ba suna da hujjojinsu, za mu kuma bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai sharaɗin yiwuwar abin yana hannun malami, shi ya sa zancen ya zama na ƙungiya.

Ga iyalanmu da ke karanta wannan takarda tare da mu, bari mu ɗan warware zance. Uwar manhaja ita ce abin da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da ma'ajiya, a kanta kuma sauran manhajoji suke zama. Wadda aka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka. Wanda ya biya kuɗinta izinin amfani kawai ya saya, wato lasisi. Ba shi da ikon duba yadda aka gina ta, balle ya gyara, balle ya kwafa wa maƙwabcinsa. Linux kuwa wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, aka haɗa aikinsa da na shirin GNU da Richard Stallman ya kafa a 1983. Dokarta ta yarje wa kowa ya yi amfani da ita, ya karanta rubutun gininta, ya canza abin da ya ga dama, ya raba wa wanda yake so. Tana zuwa iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, akwai Linux Mint, akwai kuma marasa nauyi irin su Lubuntu da aka tsara musamman don tsofaffin kwamfutoci.

Me ya sa muka ta da maganar yanzu? Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya rufe kulawar yau da kullum da yake ba Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows XP a Afrilun 2014 da Windows 7 a Janairun 2020. An bar wata 'yar ƙofa ta ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista ko ya biya, amma ita ma ta ɗan lokaci ce. Rufe kulawa na nufin duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe ta, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Duniya ta ga haka a Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta kwamfutocin da ba a sabunta ba, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta na da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance cikin jerin sababbin da kamfanin ya amince da su. Galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cikin jerin. To, namu fa? Wasu kyauta ce da aka kawo shekaru da suka wuce, wasu gwanjon Turai ne da suka bi ta Legas suka sauka a titin Beirut a Kano. Hukuncin da aka yanke musu daga nesa shi ne ko dai a jefar da su, ko a ci gaba da amfani da su babu kariya.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Masu kare Windows suna magana kamar Windows ɗin kamfani ne muke da shi. Abin da muka saba gani shi ne mai gyara ya zo da filashi a aljihu, ya yi wa kwamfuta fomatin, ya ɗora kwafin da aka fasa makullinsa, a ba shi na mai ya tafi. Sunan wannan kwafi a shari'a kayan sata. Lasisin Windows 11 na gida, a farashin kamfanin, dala 139 ne. A canjin yau kuɗin ya ninka mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, fiye da sau biyu, kuma ba a sa kuɗin Word da Excel ba. Gaskiya ne ana yi wa makarantu rangwame, kuma sabuwar kwamfuta kan zo da lasisinta, amma wace makarantar ƙauye ce a cikinmu ta taɓa ganin takardar wannan rangwame? Da safe mu tsaya gaban yara a filin taro muna yi musu nasiha a kan gaskiya da riƙon amana, da hantsi mu zaunar da su gaban kayan da mun san ba a biya ba. Hasarar ma ba ta tsaya ga tarbiyya ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa kai filashinsa shagon buga takardu ba, ya dawo ya tarar sakamakon jarrabawar zango ya ɓace, ƙwayar cuta ta ɓoye fayilolin? Irin waɗannan ƙwayoyi don Windows aka rubuta su. Idan aka sa filashin a kwamfuta mai Linux ba su iya motsi, sau da yawa ma ta nan ake ceto abin da suka ɓoye.

Hujja ta farko da ake kawo mana ita ce araha ba ta ado, abin kyauta ba ya kai na kuɗi. Mai faɗin haka ya duba aljihunsa. Wayar Android da ke ciki a kan ginshiƙin Linux aka gina ta. Tun daga Nuwamban 2017, manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki. Kaso mai yawa na na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet su ma haka. Inda Linux ta yi baya shi ne kwamfutar tebur da ta cinya, inda rabonta bai wuce 'yan kaɗan cikin ɗari ba, kuma ba mu musun haka. Dalilin sananne ne: tun daga masana'anta ake ɗora Windows, mai saye ya buɗe kwali ya tarar da ita, ya saba, ya koya wa ɗansa. Sabo ne ya ba ta kasuwa, sabo kuwa a aji ake shuka shi. Mu ne masu shukar, ba tare da an taɓa tambayarmu wane iri muke so ba.

Hujja ta biyu ita ce yara za su je neman aiki da rubuta jarrabawa, a can kuma Word da Excel za su tarar. Linux tana zuwa da LibreOffice, mai ɗauke da Writer na rubutu da Calc na lissafi da Impress na gabatar da darasi, tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma ajiye aiki a tsarinsu. Wani lokaci fasalin shafi kan ɗan goce idan takardar mai ƙawa da yawa ce, amma wasiƙa da jadawalin darasi da takardar sakamako suna fita lafiya. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ɗalibin da ya zauna gabanta tambayoyi yake gani da 'yan maɓallan zaɓar amsa, babu ruwansa da sunan uwar manhajar da ke ƙasa. Abin da ke kayar da yaranmu a ɗakin nan shi ne hannu na rawa, domin ranar ce ta farko da suka taɓa kwamfuta. Mu kanmu mun ga haka a jarrabawar rajistar malamai ta TRCN. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana niyyar mayar da WAEC da NECO su ma kan kwamfuta. Wanne ya fi wa yaron Sule Tankarkar amfani: kwamfuta mai Linux da yake taɓawa kowane mako, ko mai Windows da ke kulle a sito?

Game da aiki kuma, yaron aji huɗu na yau sai nan da shekara goma sha biyu ko fiye zai nemi aiki. Waɗanda a cikinmu suka koyi kwamfuta a kan Windows XP da Office 2003 sun tuna yadda Office 2007 ta zo ta sauya wa kowane maɓalli wuri. Wanda ya haddace wurin maɓalli ya rikice. Wanda ya fahimci mene ne fayil, yadda ake ajiye shi, yadda ake tsara sakin layi da jera lambobi, cikin kwana biyu ya gane hanya. Direban da ya koyi tuƙi a Fijo ba ya komawa makarantar tuƙi don an ba shi Toyota. Aikinmu koyar da tuƙin ne.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi: wa zai gyara idan ta lalace? Masu gyaran da ke tsakanin Gumel da Maigatari Windows suka sani. Akwai firintocin da ke yin gardama da Linux. CorelDRAW da masu shagunan buga katin biki da kalanda ke ci da ita ba ta da kwafin Linux. Mun yarda da wannan duka, shi ya sa ba mu ce a tilasta wa ɗan kasuwa ko ofishin biyan albashi su sauya ba. Iyakar da'awarmu ita ce aji. Amma mu ma muna da tambaya: Windows ɗin da ke makarantunmu yanzu, wa ke gyara ta? Da akwai mai gyaran, da kwamfutocin ba su kwana ƙarƙashin leda ba. Rashin mai kula ciwo ne da ke nan tun kafin a ambaci Linux, kuma maganinsa ɗaya ne ko wace manhaja aka zaɓa, wato a horar da malamin da ke kwana yana tashi a makarantar.

Tarihin ƙasar nan ya riga ya koya mana wannan darasi. A 2007 shirin ba kowane yaro kwamfuta na Nicholas Negroponte ya raba ƙananan kwamfutoci masu Linux a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, duniya ta yi ta ɗaukar hoto, abin bai yaɗu ba. A shekarar nan dai kamfanin Mandriva na Faransa ya sami cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan kwamfutocin Classmate 17,000 na Intel don makarantun Nijeriya. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa, Microsoft ya ce bai yi wani abu da ya saɓa ƙa'ida ba, daga baya asusun gwamnati na USPF, wanda ya biya kuɗin 11,000 daga ciki, ya ce zai zauna a kan Linux. Kamfanoni biyu na ƙetare suna ja-in-ja a kan abin da yaron Nijeriya zai koya, malamin da zai tsaya gaban allo kuwa ba a ji muryarsa ba. A nan gida, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, Jigawa ta yi suna da fasahar sadarwa, aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure wadda ta yaye matasa masu yawa. Ke nan jihar nan ba baƙuwar harkar ba ce, tana da 'ya'yan da za su iya koyar da mu.

Masu adawa kan kawo misalin birnin Munich na Jamus, kuma suna da gaskiyar kawo shi. Birnin ya fara ƙaura zuwa Linux a 2004, ya kammala a 2013 da kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Amma su ƙarasa labarin. 'Yan sandan jandarma na Faransa sun ɗora nasu nau'in Ubuntu a kan dubun-dubatar kwamfutoci, suna nan a kai. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Misalin da ya fi kama da namu kuwa shi ne jihar Kerala ta Indiya. An fara shirin kwamfuta a makarantunta a 2001 a kan manhajar Microsoft. Ƙungiyar malaman makarantu ta jihar, KSTA, ta haɗa kai da masu fafutukar buɗaɗɗiyar manhaja, suka matsa wa gwamnati lamba, kafin ƙarshen shekarun 2000 makarantun gwamnati suka koma Linux. Har yau hukumar KITE ke tafiyar da shirin. Sirrinsu shi ne daga cikin malamai aka zaɓi masu horarwa, su kuma suka horar da 'yan'uwansu. Ƙungiyar malamai ce ta ja ragamar a can. Me zai hana tamu?

Akwai kuma ribar da ba ta shiga lissafin kuɗi. Yaron aji biyu a Gagarawa da Hausa yake tunani, wani da Fulatanci. Linux tana da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Windows ma tana da shi, amma bambancin shi ne a Linux ƙofar fassara a buɗe take. Manhajojin yara irin su GCompris mai wasannin ƙirga da haruffa, da Tux Paint ta zane, duk malamin Hausa da ya ga dama zai iya zama ya fassara su, ya aika, a haɗa da na duniya, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Ga Kiwix, wadda ke ɗauke Wikipedia, har da ta Hausa, ta ajiye a cikin kwamfuta a karanta ba tare da intanet ba. A ƙauyukan bakin iyaka inda sai an hau tudu ake samun sabis, kuɗin data kuma daga aljihun malami yake fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, idan abin na da wannan amfani, me ya hana shi shigowa? Rashin sani na ciki, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Amma akwai abin da ya fi shi. Al'adar kwangila ta fi son sayen sabo a kan raya tsoho. Kwali sabo ana yanka masa kintinkiri, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto. Kwamfuta ashirin da malami ya tasa daga suma da filashi guda ba ta da bikin buɗewa, ba ta da kamasho. Ba mu nuna kowa da yatsa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kowace dala da za ta fita don lasisi kuɗi ne da ya isa ya sa faifan sola a kan rufin aji. Kwamfuta kowace iri ce ba ta tashi sai da wuta.

Saboda haka muna kira ga reshenmu ya ɗauki matakai biyar. Na farko, wakilan ƙungiya a ƙananan hukumomin nan huɗu su ƙirga kwamfutocin kowace makaranta, masu tashi da marasa tashi, a gwada kowacce da filashin Linux. Ana iya tayar da kwamfuta daga filashin ba tare da an goge komai a cikinta ba, gani kuwa ya kori ji. Na biyu, a nemi Kwalejin Ilimi ta Gumel da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha su shirya horo a dogon hutu, a ɗauki aƙalla malamai biyu daga kowace mazaɓa, mace da namiji, su koyi ɗora manhaja da ƙananan gyare-gyare. Na uku, malamin da aka ɗora wa kula da ɗakin kwamfuta a rage masa darussa ko a ba shi alawus, domin manhajar ce kyauta, gumin malami yana da farashi. Na huɗu, duk kwamfutar da za a kawo makaranta, ta kwangila ce ko ta kyauta, a nuna takardar lasisinta, in babu a ɗora mata Linux, a kuma ware wani kaso na kuɗin aikin don horo da wuta. Na biyar, masu tsara tambayoyin jarrabawar zango a cikinmu su daina tambayar sunan kayan kamfani guda, su tambayi abin da yaro ya iya yi.

Ba mu ce a sauya komai dare ɗaya ba. A fara da makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a yi zango biyu, a zo taron reshe a faɗi abin da aka gani, mai daɗi da marar daɗi. Idan gwajin ya gaza, kwamfutocin da dama a sume suke, ba a yi hasarar komai ba. Idan ya yi nasara, yaran da ke zana kwamfuta a littafi za su zauna gabanta. Mun daɗe muna ɗaura zanen aro, ga shi mai zanen ya sanar da ranar karɓe abinsa. Duk mai makullin ɗakin kwamfuta ya zo taro na gaba da lissafin abin da ke cikin ɗakinsa. Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci yaran da aka ba mu amana.